Sunan Maigidana Cikin Gida Biyar

Masu karatu, ni ba marubuciya ba ce, ko baƙi guda na boko ban sani ba. Ɗiyata Raihanatu ce riƙe da waya, ina faɗi tana dannawa, kuma na gaya mata in ta rage kalma ko ta shafa wa maganata zuma ban yafe ba. Sunana Saratu, a Konni nake zaune, asalina Badagishiri. Ke, rubuta, bar kallona.

Ranar Litinin aka yi suna a gidan maƙwabtanmu. Ina bakin murhu ina kwasar shinkafa, na ɗaura atamfata mai ruwan ganye wadda nake ajewa don fita, 'yan mata kuma sun haɗa kai kan waya guda ƙarƙashin rumfa kamar kaji sun ga tsaba.

Wani wasa ne ya shigo gari. Ana zana ƙananan gidaje kamar na dara, wasu farare wasu baƙaƙe, a yi tambaya, amsar a zuba ta cikin gidajen, kowane baƙi da gidanshi. Mo kurwaze suke ce mishi. Mai shirya shi Mahfuz ne, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, yaron da ke neman Raihanatu. Duk Asabar yana tura shi cikin wayoyi, ran Juma'a bayan la'asar a karanta amsoshi a rediyon gari, a faɗi wanda ya ci. Da ina jin daɗin abin, in ce ɗiyata ta samu mai kai. Kuma Juma'ar nan ce danginshi za su kawo goron sa rana.

Wata ta karanta: "Abin kiɗa mai tsirkiya guda, ana goga shi."

"Goge!"

"Mai tsaron raga a ƙwallo."

"Gola, kai wanga ko jariri ya sani."

Sai mai wayar ta ɗaga murya: "To ga mai wuya. Ɗan kokowar Badagishiri da ya ga maza ya bar fili da gudu a Illela. Gida biyar."

Can wata tsohuwa da ke tsinken haƙori ta kece da dariya.

"Turmi ne! Ku sa Turmi! Ai har waƙa aka yi mishi: Turmi sha daka, ya ga taɓarya ya gudu."

Gida ya ɗauki shewa. Ludayi ya faɗi daga hannuna cikin toka.

Turmi maigidana ne. Sunan fili ke nan da makaɗa suka ba shi tun yana saurayi. A Konni ba wanda ya san shi da shi, Malam Illo mai albasa aka sani, har Allah ya karɓi abinshi. Ni kuwa tun ranar da aka kai ni ɗakinshi bakina bai taɓa kama sunan nan ba, ko wancan ko wannan. Abin da nake daka hatsi ciki ma ban kiran sunanshi, "miƙo min abin daka" nake cewa, har 'ya'yana suka taso suna ji. Yau ga shi na faɗa don a rubuta, Allah ya yafe min. Sunan da na rufa wa baki duk zamana na aure, shi yara ke ƙirga wa gidaje suna ƙyaƙyata dariya.

Ban yi sallama da kowa ba, na nufi gida. Na tarar da Raihanatu tsakar gida tana guga mayafin da za ta sa ran Juma'a, mai ruwan madara da duwatsu a baki.

Na ce, "Kira min yaron nan."

"Wane yaro, Inna?"

"Yara nawa gare ki?"

Da na gaya mata abin da na ji, dutsen gugar ya tsaya wuri guda har mayafin ya fara ƙauri. Ta san babanta ya taɓa kokowa, don ta ga kambunshi cikin akwatina, amma sunan fili ba ta taɓa ji ba. Ta ce, "Wallahi Inna bai sani ba." Na ce wanda ya taka ni bai sani ba, zafin bai ragu ba.

Washegari da azahar na ji tsayuwar babur ɗin Mahfuz. Ya cire takalma tun daga zaure, ya shigo da farar riga mai aljihu da biro a ciki, ya durƙusa can nesa da tabarmata.

"Ina wuni, Inna."

"Ban wuni ba. Kai ne ka sa maigidana cikin gidajen dara?"

"Inna, in na san baban Raihanatu ne, hannuna ya shanye kafin in rubuta."

"Da na wani ne fa? Shi ba shi da mata? Ba shi da ɗiya?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce to ya cire shi yau, kafin rana ta faɗi.

Ya fiddo wayarshi, ya matso da gwiwa, ya nuna min gidajen. Ya ce sunan a kwance yake, wasu kalmomi sun sauko daga sama sun ratsa ta cikinshi. Baƙin farko ma na wata amsa ne, takobi, abin da gwanin kokowa ke ɗagawa in ya ci kowa. In an zare sunan, takobi ya faɗi, abin da ke jingine da takobi shi ma ya faɗi. Kuma wasan ya riga ya bazu tun Asabar, daga Malbaza har Illela an cike shi.

Na gane sarai. Na yi saƙar tabarma, na san in ka zare kaba guda sauran na bi. Amma ku dubi wulaƙanci: takobin da bai samu zuwa nema ba, shi aka rataya wa sunanshi.

Na ce, "To ta warware. In ba ta warware ba, maganar Juma'a ce za ta warware. Wa ya ba ka labarin ma? Kai lokacin ko cikinka ba a yi ba."

"Baffana ne, Inna. Alhaji Zakariya'u na Malbaza, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Da shi ne za su kama ranar. Tun muna yara yake ba mu labarin."

Jama'a, sai da na dafa ƙasa. Na san yaron maraya ne, na san yana da baffa mai manyan motocin siminti, wanda zai jagoranci masu kawo goro. Ban taɓa kawo wa raina cewa Alhajin nan shi ne Zakari ɗan Ummulkhairi ba.

Na ce, "Gyara zama. Kakarka Ummulkhairi, ka san ta?"

"Ina ƙarami ta rasu."

"Nononta maigidana ya sha."

Na ba shi labarin yadda yake, kuma ga shi ina ba ku. Uwar maigidana wurin haihuwarshi ta tafi. Ummulkhairi na goyon Zakari lokacin, ta ɗauki jaririn ta haɗa su, wanga a dama wancan a hagu. Daga baya suka ƙaura Malbaza, zumunci ya yi nisa. Shekarar da aka kawo ni, bayan an gama girbi, aka yi babbar kokowa a Illela don a fidda wanda zai tafi Tawa neman takobi. Maigidana ya kada duk wanda aka turo mishi. Zakari ma ya hau, ta wancan gefe, har ya rage su biyu. Duk filin an san yadda za ta ƙare, don Zakari bai kai kafaɗarshi ba.

Ina tsaye bayan makaɗa da gorar ruwanshi, ina amarya, lalle bai gama fita ƙafata ba. Sai ga Ummulkhairi ta ratso mutane. Ta kama hannun maigidana, ta ɗora ɗayan hannunta a ƙirjinta, ta ce, "Nan ka sha. Kar ka kai bayan ɗana ƙasa gaban jama'a." Da kunnena na ji. Zakari na tsaye kusa, shi ma ya ji, ya kau da kai.

Maigidana ya kwance kambun damtsenshi, ya miƙo min, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Tafiya yake, wallahi tafiya, ko sauri bai yi ba. Kafin mu kai tasha makaɗa sun juya waƙa. A Badagishiri yara suka riƙa bin shi da ita har garkar albasa, shi ya sa muka tattara muka dawo Konni. Ya hana ni faɗi, ya ce ba za a ce uwar da ta shayar da shi ta yi roƙo a fili ba. Ta rasu bai faɗa ba, ya rasu ban faɗa ba, don ba wanda ya kawo min maganar har ƙofa. Yanzu an kawo.

Gumi na bin wuyan rigar Mahfuz. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Inna, ke nan ni da Raihanatu..." Na ce kar ya ruɗe, na riga shi tunani, 'ya'yan wa da ƙane ne, aure bai haramta ba. Abin da zai haramta mishi ita a wurina daban ne.

"Ran Juma'a in rediyo ta kira maigidana matsoraci, ka ɗauki goronka ka kai wani gida."

Daga nan gidana ya zama kasuwa. Ɗanjuma, ƙanen maigidana, wanda zai karɓi baƙi, ya zo yana karkaɗa carbi.

"Yaya Saratu, wasan yara ne fa. Za ki ɓata auren yarinya kan wasa? Mutumin nan babba ne, motocinshi har Agadas suke zuwa."

"Su je har Makka. Wanka ne ake zagi, Ɗanjuma, ba wana ba. Kai ya goya zuwa gona."

"Wanda ya mutu ya huta."

"Ya huta? A waya yake, kowa na danna shi da yatsa."

Raihanatu ta daina cin abinci. Wayarta na ƙara tana shigewa ɗaki. Ran Alhamis da hantsi na bi ta, na ce ta kunna min saƙon muryarshi in ji da kunnena. Ta kunna.

"Raihana, na je Malbaza. Na tambayi Baffa a hankali, ban ko ambaci Kaka ba tukuna ya miƙe tsaye. Ya ce wa ke zuga ni. Ya ce in na taɓa tambayar nan in nemi wani uban. Ban san yadda zan yi ba. Ki roƙar min Inna."

Ta zube ta kama ƙafata. "Inna, don Allah. Shi ya yi mishi komai, shi ya sa shi lakwal. Ki bari a ɗaura, daga baya sai a gyara."

Kar ku ce ban ji ba. Autata ce, a bayana ta yi ƙyanda, ni na san daren da na yi da ita. Amma na ce mata gidan da za a kai ki, a can ake ba yara labarin ubanki ya gudu, ana dariya bayan cin tuwo. 'Ya'yanki za su zauna su ji, su ma su yi dariya. In kin iya zama, ni ban iya kai ki ba.

Juma'a ta zo. Na share zaure da kaina, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na turara. Bayan an sauko masallaci mota ta tsaya, fara, doguwa. Ta kafar ƙyaure na hango Zakari. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, shadda ruwan toka tana ɗaukar ido, ƙamshin turarenshi ya riga shi shigowa. Amma tafiyar na nan, yana jan ƙafar hagu kamar da. Dattawa biyu na biye da shi, direba ya sauke huhun goro. Mahfuz bai kamata ya zo ba, ango ba ya zuwa wanga zama, amma ga shi can bakin ƙofa a rakuɓe, wai shi ya nuna musu hanya.

Na bari suka gaisa, suka sha ruwa. Da na ji Ɗanjuma ya fara "to, alhamdu lillahi," na buɗe akwati na ɗauko kambun, na yafa zane, na yi sallama na shiga.

Ɗanjuma ya zabura. "Yaya, lafiya? Maza ne fa."

"Na gan su."

Na aje kambun bisa tabarma, kusa da goro. Fatar ta bushe ta yi baƙi, amma jan zaren da na ɗinke bakinshi da shi yana nan. Alhaji ya dube shi, ya dube ni.

"Zakari, ka gane ni? Ni ce mai gorar ruwa."

Ɗaya daga dattawan ya ce, "Hajiya, Alhaji ake cewa."

"Ban je Makka ba, kar ka ba ni abin da ban da shi. Shi kuma na san shi tun yana ɗaure da walki." Na juya. "Ɗiyar da ka zo nema wa ɗanka, ɗiyar Illo ce. Illo Turmi."

Ɗanjuma ya ce innalillahi, don bai taɓa jin sunan a bakina ba. Ni kaina sai da harshena ya yi nauyi.

"Tambaya guda gare ni, gaban mutanen nan, ranar Juma'a, da alwalarka. Gudu ya yi?"

Ina jin kukan Raihanatu daga bayan ƙyaure. Alhaji ya ciro hankici ya share wuya. Ya dubi rufin ɗaki.

"Baiwar Allah, tsohuwa ta daɗe a kabari. Ki bar ta ta kwanta."

"Wa ya ambaci tsohuwa? Ni ban ambace ta ba."

Dattawan suka dubi juna.

"Nawa ma yana kabari, kai ba ka bar shi ya kwanta ba. Nono guda kuka sha. Ya bar maka fili, ya bar maka garinshi, ka ɗauki abin ka mai da shi tatsuniyar yara."

"Ɗanjuma," in ji Alhaji, "haka ake karɓar baƙi a gidanku?"

Sai muryar Mahfuz daga bakin ƙofa. "Baffa, a gafarce ni."

Ya shigo da gwiwa, waya a hannu. Ya ce mai rediyo na jiran amsoshi kafin la'asar. Ya ce sunan ba zai ciru ba, amma tambayar da ke kanshi tana canzuwa, kuma ya rubuta wata, da neman gafara a gabanta. Ya karanta:

"Ɗan kokowar Badagishiri da ya kada kowa a Illela, ya bar kamun ƙarshe don girman nonon da ya sha. Gida biyar."

Alhaji ya miƙe. Ban san mai jiki irin nashi na tashi da sauri haka ba.

"Mahfuz. Ni na yi maka kaciya, ni na sai maka allo. In ka tura wannan, kar in ƙara ganin ƙafarka a Malbaza."

"Baffa, ka ce min ƙarya ne, in goge yanzu."

Ya jira. Muka jira. Alhaji ya buɗe baki, idonshi ya sauka kan kambun, ya rufe.

Yaron ya danna.

Ba a yi addu'a ba. Alhaji ya sa takalmi, ya ce wa direba ya ɗauki goro. Dattawan suka bi shi, ɗayansu ya tsaya bakin ƙofa kamar zai ce min wani abu, ya fasa. Ɗanjuma ya kakkaɓe riga ya ce na ji daɗi yanzu, ya fita ko waiwaye babu.

Bayan la'asar na fiddo rediyo tsakar gida, na ƙure murya yadda maƙwabta za su ji ta katanga. Aka yi goge, aka yi gola, aka yi takobi. Sannan mai magana ya ce akwai gyara daga mai shirya wasa, yana neman gafarar iyalan marigayi. Ya karanta sabuwar tambayar, ya maimaita, ya faɗi sunan. Daga gidan da aka yi suna na ji wata ta ce, "Ikon Allah!" Ban yi guɗa ba. Na shiga ɗaki na mai da kambun akwati, na zauna bisa gado, kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar maigidana na yi.

Yanzu rana ta kusa faɗuwa. Goro ya koma Malbaza, mayafin da aka goge yana rataye a ƙusa, wadda ke rubuta muku wannan hawaye na ɗiga mata bisa waya. Ban san wa zai sake tako min zaure ya nema wa maraya aure ba, tunda na raba shi da mai nema mishi. Shi kuwa yana nan inda suka bar shi. Na leƙa, yana zaune bakin tabarma ya haɗa kai da gwiwa, babur ɗinshi a rana, ko ruwa bai sha ba.

Ke Raihanatu, aje wayar nan. Hau kan randa ki sauko da akushin babanki, wanda ba a taɓa ba tun rasuwarshi. Ki wanke shi, ki zuba tuwo, ki kai wa yaron nan zaure.